"Babu Sabis": Tarihin Kalmomi Biyu da Tsanin da Ke Bayansu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Makarfi a lokacin kakar rake ya san wannan yanayi. An gama ciniki, an loda mota, dillali ya ja mai saye zuwa rumfar mai POS. Aka soka kati, aka danna lambobin sirri, sai na'ura ta yi ta juya ɗan da'irarta kamar ba za ta daina ba. Can sai mai rumfa ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, babu sabis." Wani lokacin abin ya fi haka muni: saƙo ya shigo wayar Alhaji cewa an cire kuɗi, na'ura kuwa ta fitar da takarda cewa ciniki bai yiwu ba. Manomi na jiran kuɗinsa, direba na son ya fita Tashar Yari kafin magariba, duk idanu kuma suna kan yaron da ke riƙe da na'urar.

Haka ake ji a Ikara lokacin tumatir da tattasai, haka ake ji a Hunkuyi. "Babu sabis" ta zama amsar da ba a ja da ita, kamar a ce "ruwa bai sauka ba". Alhali kalmomin nan biyu sun lulluɓe cututtuka aƙalla biyar, kowace da sanadinta, da tarihinta, da wanda alhakinta ke wuyansa. A cikin kowace na'urar POS akwai wata 'yar ƙwaya mai girman kan sarki, ita ce modem. Kafin kuɗin Alhaji su motsa, sai wannan ƙwaya ta hau wani tsani mataki-mataki. Matakan kuwa ba rana ɗaya aka kafa su ba, kuma ba mutum ɗaya ya kafa su ba. Wanda ya san tarihin tsanin zai iya gane matakin da ya karye, ya daina barin jaki yana dukan taiki.

Daga waya mai waya zuwa wayar iska

Kalmar "waya" kanta shaida ce. Asalinta zaren ƙarfe ne da ake ja a kan turaku. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, sannan a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka ja ta zuwa Arewa domin barikokinsu da ofisoshin razdan. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, waya ta bi gefensa, ta ratsa ƙananan tashoshi irin su Likoro da Gimi. Wato saƙo ya fi shekara ɗari yana wucewa ta saman gonakin Kudan da Makarfi, sai dai ba don manoman wurin aka ja shi ba.

A 1985 aka kafa NITEL, amma har ƙarshen ƙarnin layukan tarho da ke aiki a duk Najeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga al'umma fiye da miliyan 100. Mutumin Ikara da ke son jin muryar ɗansa a Legas sai ya shiga mota zuwa Zariya, ya bi layi, ya yi addu'a.

Sauyin ya zo a Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Ɗan Makarfi ne, Ahmed Mohammed Makarfi, ke mulkin Jihar Kaduna a lokacin, amma ƙarfen sabis bai san ɗan gari ba: manyan birane ya fara bi, sannan manyan hanyoyi, sannan ya gangaro ƙauyuka gwargwadon yawan masu sayen kati. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008.

Wayar hannu ita kowa ya gani. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, zuciyar wayar, wato sashen da ke magana da ƙarfen sabis, an cire ta an mayar da ita haja mai zaman kanta. Ita ce ke cikin ɗan modem ɗin da ɗaliban Samaru da Kongo suka riƙa soka wa kwamfuta bayan zuwan 3G, har gwanayen "buɗe modem" suka samu sana'a. Ita ce yau ke cikin POS, da na'urar bin sawun mota, da solar da ake biya kaɗan-kaɗan, da na'urar BVAS ta ranar zaɓe. Kamfanoni irin su Quectel da SIMCom na ƙasar Sin, da Telit, su ke ƙera ta da miliyoyi.

Harshen da ya girmi GSM

Wani abin mamaki shi ne, harshen da ake magana da wannan ƙwaya ya girmi wayar salular da muka sani. A 1981, a birnin Atlanta na Amurka, Dennis Hayes da Dale Heatherington suka fitar da Smartmodem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho na gida. Suka tsara cewa duk umarnin da kwamfuta za ta ba ta zai fara da haruffa biyu, AT, kamar yadda mutum ke sallama kafin ya shiga gida. In na'ura tana raye, sai ta amsa: OK.

Shekara goma bayan haka, a 1991, aka yi kiran GSM na farko a ƙasar Finland. Masu tsara ƙa'idojin GSM ba su ƙirƙiro sabon harshe ba, sai suka ɗauki na Hayes suka ƙara masa kalmomi. Saboda haka injiniyan da ya buɗe na'ura a Kano ko Shanzan a yau, abin da zai fara rubutawa shi ne abin da aka rubuta fiye da shekara arba'in da suka wuce. Ta wannan harshe ake tambayar modem inda ke yi mata ciwo, kuma ita ba ta iya cewa "babu sabis" kawai. Lamba take bayarwa, lambar kuma ke nuna matakin da ta tsaya.

Mataki na farko: wuta

In aka rubuta AT ba a samu OK ba, magana ba ta kai ga kamfanin waya ba tukuna. Modem na 2G ba a hankali yake shan wuta ba. Yana aika saƙo ne a guntu-guntu, kowane guntu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma a wannan ɗan ƙiftawar yana iya zuƙar wutar da ta kai amfiya 2. Batirin da ya gaji, ko cajar da aka saya da araha a bakin tasha, za su iya kunna fuskar na'ura tas, amma da zarar modem ya buɗe baki zai yi magana sai wuta ta faɗi, ya mutu, ya sake tashi. Mai rumfa ya ga sandunan sabis sun ɓace sun dawo, sai ya ɗora wa kamfani laifi. Kuma gwargwadon nisan ƙarfen sabis, gwargwadon ƙarfin da modem ke ɗaga murya da shi, shi ya sa batirin da ke yini a Sabon Garin Zariya ba ya kai azahar a ƙauyen da ke bayan Ikara.

Shi ma ƙarfen sabis da wuta yake rayuwa. Galibin turakun ƙasar nan a kan janareta da batura suke, wasu da sola. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi suka kwana suka tashi cikin duhu fiye da mako guda, sabis bai ɗauke gaba ɗaya ba saboda tankokin dizal ne ke riƙe da shi tun asali. Ranar da motar mai ba ta iso ba, ko ɓarayi suka kwashe batura, ranar ce gari ke wayewa ba sanda ko ɗaya.

Mataki na biyu: wane ne kai?

Bayan wuta sai sim. Umarnin AT+CPIN? tambaya ce: kati yana nan, kuma a shirye yake? Amsar lafiya ita ce READY. Ƙurar hunturu da ta shiga ramin sim, ko katin da aka yanke da reza don ya shiga ƙaramin gurbi, sun isa su hana wannan amsa.

Amma katin da ke lafiya a jiki yana iya zama matacce a rajista, kuma nan ne tarihin siyasa ya shigo. A shekarun farko ana sayen sim kamar goro, ba suna ba hoto. A 2011 aka fara rajistar dole da hoto da zanen yatsu. A Oktoban 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka fiye da miliyan 5 da ba a rufe ba duk da rashin cikakkiyar rajista, a kan naira 200,000 kowane layi, kafin a daidaita a kan biliyan 330 a shekarar da ta biyo. A Disambar 2020, zamanin Isa Ali Ibrahim Pantami yana ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira, a 2024 kuma aka shiga rufe waɗanda ba su cika sharaɗi ba baki ɗaya.

Mutum yakan lura in wayarsa ta daina kira. Sim ɗin da ke ɓoye a cikin na'urar asibiti ko ta makaranta fa, wanda wani ma'aikaci ya saya da sunansa shekaru biyar da suka wuce, aka kuma canza masa wurin aiki? Ba wanda ke tuna shi sai ranar da ya mutu. Sai a kira mai gyara, a sauke eriya, a sayi sabuwar na'ura, alhali maganin yana ofishin rajista.

Mataki na uku: sallama da ƙarfe

Yanzu modem zai saurari iska. AT+CSQ na bayar da ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31, lamba 99 kuma na nufin bai ji komai ba. Ƙasa da 10 rauni ne, ana iya haɗuwa amma ba a daɗewa. Sandunan da muke gani a fuskar waya fassarar wannan lamba ce, kuma kowane kamfani da yadda yake fassara ta. Rumfar kwano, da bangon kankare, da kwarin da ke tsakanin tuddai, duk suna cin wannan lamba. Saboda haka ɗaga na'ura sama da mai POS ke yi ba camfi ba ne.

Jin ƙarfe daban, karɓuwa a wurinsa daban. Kowace ƙasa da lambarta, ta Najeriya 621. Kowane kamfani da tasa: Airtel 20, MTN 30, Glo 50, 9mobile 60. Modem zai nemi ƙarfen da ke shelar lambar gidansu, ya gabatar da kansa. AT+CREG? ke faɗin yadda aka kwashe: 1, an karɓe shi a gida, 2, yana nema bai samu ba, 3, ya yi sallama an ƙi amsawa, 5, an karɓe shi a matsayin baƙo a layin wani kamfani. Tsakanin 2 da 3 akwai tazara mai yawa. Ta farko matsalar ƙarfe ce ko nisa, ta biyu kuwa hukunci ne da aka yanke wa katin.

A 2021 Arewa maso Yamma ta ga lamba 2 a mafi girman siffarta. A farkon Satumba NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a duk Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don yaƙi da 'yan bindiga. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, waɗanda ba su da nisa da ƙasar Kudan. Sakkwato ma ta yi. A ƙarshen watan gwamnatin Nasir El-Rufai ta rufe wasu sassan Jihar Kaduna, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni mutane sun yi tafiyar sa'o'i don su yi kira ɗaya, wasiƙa ta dawo hannun direbobi a tasha, na bakin iyaka suka koma layukan Nijar. Masu POS kuwa jarinsu ya tsaya cak, haka ma ɗan kasuwar da ke da sabis a garinsu amma abokin cinikinsa na cikin duhu. Na'ura lafiya, sim lafiya, wuta lafiya. Takarda ce aka sa wa hannu a ofis.

Mataki na huɗu: sunan ƙofa

GSM don murya aka gina shi. Sai wajen shekarar 2000 aka ɗora masa GPRS, hanyar aika bayanai a ƙunshi-ƙunshi, tare da ita kuma aka zo da APN, wato sunan ƙofar da modem zai ƙwanƙwasa a cikin gidan kamfani kafin a fitar da shi zuwa intanet. Da umarnin AT+CGDCONT ake rubuta wannan suna. In an karɓa, sai a ba na'ura adireshi na IP.

Waɗanda suka yi zamanin saita waya da hannu za su tuna waɗannan sunaye. Na MTN, web.gprs.mtnnigeria.net, har yau yana ɗauke da sunan fasahar da aka haife shi da ita. Na Glo, gloflat. Kamfanin da ya fara da Econet ya zama Vmobile, ya zama Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, sunan ƙofarsa ma ya riƙa sauyawa. Etisalat ya koma 9mobile a 2017. Wayar zamani tana ɗauko wannan saiti da kanta, amma na'urori da yawa ba sa yi, abin da aka rubuta musu ranar farko shi suke riƙewa. Shi ya sa mai POS zai cire sim ɗin da ya ƙi, ya sa na wani kamfani, ya ga sanduna sun cika fal, amma ciniki ya ƙi tafiya. An shiga gida, an tsaya a ƙofar da ba ita ba. Haka in data ta ƙare: rajista na nan a lamba 1, ƙofa ce aka rufe.

Mataki na biyar: abin da ke bayan ƙarfe

Ko an wuce duk waɗannan, tafiya ba ta ƙare ba. Iskar da muke kira sabis 'yan kilomitoci ce kawai. Daga gindin ƙarfe saƙo yana komawa waya, ta zaren gilashi da aka binne a gefen titi, zuwa cibiyar kamfani, zuwa kwamfutocin masu sasanta biyan kuɗi, zuwa bankin Alhaji, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo rumfa. Motar aikin hanya ɗaya in ta tsinke zaren, gari guda ya shiga uku. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne wannan zare a 2020 don a ƙarfafa shimfiɗa shi, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Abubuwa uku na kwanan nan sun nuna yadda wannan mataki yake. Na farko, canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa lokaci guda, har Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A waɗannan makonni turaku suna tsaye, sanduna a cike. Kwamfutocin bankuna ne kaya ya yi wa yawa. "An cire bai shigo ba" a nan take faruwa: umarni ya isa banki, amsa ta makara, na'ura ta gaji da jira ta ce bai yiwu ba.

Na biyu, zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. A rumfuna da yawa na'urar BVAS ta aika hoton sakamakon majalisar dattawa da ta wakilai zuwa shafin IReV, amma na shugaban ƙasa ya ƙi tafiya sai can da dare. Na'ura ɗaya, sim ɗaya, ƙarfe ɗaya. A rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024 ta ce kuskuren saiti ne a babbar kwamfutarta: an tsara ajiyar sakamako jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, sai tsarin ya rasa inda zai ajiye shi. Mutane da yawa ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma wannan muhawara ce ta daban. Amma ko mai gamsuwa ko mai shakka, dole ya yarda cewa a irin waɗannan rumfuna duk wanda ya ce "babu sabis" a wannan yammaci bai faɗi daidai ba.

Na uku, ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma, wasu bankunan Najeriya suka kasa aiki yadda ya kamata. Abin da ya faru a ƙasan teku, nisan fiye da kilomita dubu, shi ya iso har rumfar mai shayi a Hunkuyi.

Amfanin sanin tsani

Mai karatu da ke kula da asibiti, ko makaranta, ko gidan mai, ko yaran da ya ba jarin POS, ba sai ya haddace umarnin AT ba. Jerin tambayoyin ya isa, in dai an bi su daga ƙasa zuwa sama. Shin na'ura na mutuwa tana tashi? A duba batir da caja. Ta ga sim? Da sunan wa aka yi masa rajista, kuma akwai data a kansa? Wayar da ke kusa, mai layin kamfani ɗaya, tana da sanduna? In babu, matsalar ta gari ce. In akwai, wayar na buɗe intanet? In tana buɗewa na'ura ba ta yi, a duba APN. In komai na tafiya banki ɗaya ne kawai ya ƙi, to a bar na'ura ta huta, a ajiye takardar da ta fitar, domin da ita za a bi kuɗin.

Ga masu sayen na'urori da kuɗin jama'a kuma akwai ƙarin nauyi. Kafin a raba ɗaruruwan na'urori a Ikara da Makarfi da Kudan, ya kamata a je kowane wuri a auna lambar sabis na kowane kamfani a rubuta, a sayi mai gurbin sim biyu, a yi rajistar layuka da sunan hukuma maimakon na ma'aikaci, a kuma sa sharaɗin cewa na'ura ta riƙa ajiye tarihin matakin da ta tsaya. Modem ya san gaskiyar abin da ya faru, yana kuma faɗa da lamba. Mu ne ba mu saba neman a nuna mana ba.

Yaron da ke rumfar kasuwar Makarfi shi ne mafi ƙanƙanta a wannan dogon jeri, kuma shi kaɗai ne Alhaji ke iya riƙe wa riga. A cikin matakai biyar, na farko ne kawai da ɗan sashen na biyu ke hannunsa. Sauran suna hannun mai kawo dizal, da mai tuƙa motar aikin hanya, da hukuma a Abuja, da banki a Legas, da jirgin gyara a tsakiyar teku. In an sake ce maka babu sabis, kafin rai ya ɓaci, tambayi a wane mataki.